Wa Za Mu Kai Wa Kuka a Abuja?



Ranar Larabar da ta wuce, bayan sallar isha'i, muna zaune a kan tabarma a ƙofar masallacin unguwarmu, sai ga wani yaro mai tura baro, ɗan ƙasar Maraɗi, ya zo ya durƙusa ya miƙo mini 'yan takardu biyu, ɗaya ruwan ɗorawa ɗaya shuɗiya. Ya ce, "Baba, don Allah duba mini, wacce ce ta gwamnati a ciki? Da safe na yanki wannan, da azahar wasu suka tare ni suka ce ba tasu ba ce, sai da na sake yankar wannan kafin su sakar mini baro." Na sa tabarau, na haska fitilar waya, na juya takardun gaba da baya. Kowacce da tambarinta, kowacce da lambarta, babu wadda ke ɗauke da sunan wanda ya karɓi kuɗin. Na ce masa, "Ɗana, wannan ido ba ya raba su." Sai ya ce, "To Baba, wa zan kai wa ƙara?" Na dubi dattawan da ke wurin ko wani zai tanka, sai na ga kowa ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

Na zo garin nan daga ƙasar Katsina a 1993, ina saurayi, gwamnati ba ta cika shekara biyu da tarewa daga Legas ba. Na yi tebur, na yi tireda, na yi shago, na aurar da 'ya'ya a nan, kuma akwai wata tsohuwar jakar fata a ƙarƙashin gadona wadda babu komai a cikinta sai rasit na shekara talatin. Duk da haka yaro ya yi mini 'yar gajeriyar tambaya na rasa amsa. Shi ya sa na ce bari in zauna in bi tarihin abin tun daga tushe, ko mai karatu zai gane yadda aka yi muka wayi gari a birnin da masu karɓa suka fi masu saurare yawa.

Da farko, musamman saboda yaranmu da aka haifa a nan, Bahaushe ba jiya ya fara zama a wannan ƙasa ba. Lokacin jihadi, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya baro Zariya ya yo kudu ya sauka a Zuba, bayan rasuwarsa a 1825 ɗan'uwansa Abu Ja ya gaje shi, shi ne ya kafa gari a 1828 aka sa masa sunansa, Abuja. Turawa suka ci garin a 1902. Wancan garin shi ne Suleja ta yau, wadda ta bar wa sabon birni tsohon sunanta ta ɗauki na Sarki Sulaimanu Barau. Ƙasar kuwa ta Gbagyi ce, waɗanda muke ce wa Gwarawa, da Koro da Gade da Gwandara da Bassa da Ganagana da sauransu, mun same su a kanta, kuma a tsofaffin garuruwa irin su Garki da Karu akwai unguwannin Hausawa tun kafin a yi mafarkin kawo babban birni nan.

A wancan zamani hanyar kuka sananniya ce, daga mai unguwa sai dagaci, daga dagaci sai hakimi, daga hakimi sai fada. Kada mai karatu ya ɗauka ina yabon zamanin ne. Tun kafin Turawa, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa jangali da kuɗin gari da abin da ake ƙwata a hannun 'yan kasuwa cikin laifukan sarakunan zamaninsa a littafinsa Kitabul Farƙ. Da Turawa suka zo suka kafa En'e da baitulmali, sai haraji ya ƙara tsari ya kuma ƙara zafi. Mahaifina ya sha ba mu labarin yadda magidanta kan kwana a gona in lokacin haraji ya zo, da yadda ake shanya wanda bai biya ba a rana a ƙofar gidan dagaci. Irin wannan ne ya cika wa jam'iyyar NEPU tantuna tun daga kafa ta a Kano a 1950, har aka kai 1979 inda Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali da hawansu mulki. Amma duk da muninsa, tsohon tsarin yana da abu guda, wato ka san wanda ya karɓi kuɗinka, ka san gidansa, ka san sunan ubansa, ka kuma san wanda ke sama da shi. Ko an zalunce ka, ka san ƙofar da za ka je ka faɗi.

Haka kuma kakanninmu fatake da suka zauna a ƙasashen wasu suka tafi da wannan tsari a cikin kayansu. A Sabo ta Ibadan, wadda aka ware wa Hausawa a 1916, da zangunan Kumasi da Ankara a ƙasar Gana, Sarkin Hausawa ko Sarkin Zango shi ne tsani tsakanin baƙo da masu gari. Ta hannunsa ake karɓa, ta bakinsa ake kuka. Mu ma da muka zo nan abin da muka fara yi ke nan, duk unguwar da muka taru sai an naɗa Sarkin Hausawa. Sai dai mun kawo tsani ne zuwa ginin da ba a yi masa wurin jingina tsani ba.

Ga yadda aka yi ginin. A watan Agustan 1975 Janar Murtala Muhammad ya kafa kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda don ya duba batun sabon babban birni, ranar 3 ga Fabrairun 1976 aka yi Doka ta 6 wadda ta yanko fili mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,000 daga jihohin Neja da Filato da Kwara na lokacin, kwana goma bayan haka aka kashe Murtala. Dokar ta mallaka wa Gwamnatin Tarayya ƙasar baki ɗaya, ta kuma kafa hukumar raya birnin, FCDA. Niyyar farko ita ce a kwashe duk mutanen da ke ciki a kai su wani wuri, a bar fili fetal wanda babu mai cewa na kakansa ne. An kwashe wasu, shi ya sa ake da Sabon Wuse a jihar Neja. Da gwamnatin Obasanjo ta ga yawan kuɗin diyya, sai ta sauya shawara a 1978 ta ce waɗanda aikin bai iso kansu ba su yi zamansu. To tun daga ranar aka samu birni mai fuska biyu, na kan takarda wanda masana suka zana taswirarsa a 1979, da na ƙasa wanda mutane ke kwana suna tashi a cikinsa, da ƙauyukansa da sarakunansa da baƙinsa irinmu da muka yi ta kwararowa bayan tarewar Janar Babangida ranar 12 ga Disamban 1991.

Wannan birni ba shi da gwamna, ba shi da majalisar dokoki tasa. Tsarin mulkin 1999 ya ce Majalisar Tarayya ce ke yi masa doka, Shugaban Ƙasa ne a matsayin gwamnansa, shi kuma ya wakilta minista. Ministan nan babu ɗayanmu da ya taɓa jefa masa ƙuri'a. Sanata ɗaya gare mu da 'yan majalisar wakilai biyu. Hukumar da kawai mazaunin Abuja ke zaɓa da hannunsa don ta yi mulkinsa na yau da kullum ita ce ƙaramar hukuma, kuma guda shida ne: AMAC mai riƙe da ƙwaryar birni, da Gwagwalada da Kuje da Abaji, sai Bwari da Kwali da aka ƙara a 1996 zamanin Abacha. Jadawali na huɗu na tsarin mulki ya zayyana abin da ke hannun ƙananan hukumomi, in mai karatu ya duba zai ga kamar da mu aka rubuta shi. Akwai kasuwanni da tashoshin mota da mayanka, da lasin keke da baro da amalanke, da shaguna da tireda da gidajen abinci da na burodi da masu wanki da guga, da allunan talla, da kwashe shara, da harajin gidaje, har da lasin rediyo da talabijin. Wato mahauci da mai shayi da ɗan garuwa da mai wanki duk 'yan gidan ciyaman ne a bisa doka.

Matsalar ita ce a Abuja kusan kowane ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka yana da maigida na biyu a ofishin minista. Shara da tsabtar titi akwai hukumar kare muhalli, AEPB, da motocinta da kotunta ta tafi-da-gidanka. Gini da rumfa akwai sashen kula da tsarin gine-gine, masu jan fenti. Manyan kasuwanni irin ta Wuse akwai kamfanin gwamnati da ke tafiyar da su. Allon talla ma akwai sashensa daban, an kuma daɗe ana ja-in-ja tsakaninsa da ƙaramar hukuma a kan wa ke da hakkin karɓa. Daga sakatariyar AMAC a Area 10 zuwa ofishin minista a Area 11 tafiyar ƙafa ce, amma takardar wannan ba lallai ta yi aiki a gaban yaran wancan ba. Sannan aka shigo da al'adar ba 'yan kwangila aikin karɓar kuɗin shiga a kan kaso, su kuma su ɗebo samari su sa musu riguna masu sheƙi. Wanda abincinsa ke cikin yawan abin da ya karɓo, yaushe zai tsaya ya saurari bayaninka? Gwamnati ta san da wannan ɓarna tun tuni. A 1998 Janar Abdulsalami Abubakar ya sa hannu a Doka ta 21, wadda ta raba haraji gida uku, na tarayya da na jiha da na ƙaramar hukuma, ta kuma haramta tare hanya don karɓar kowane irin haraji, da tarar naira 50,000 ko ɗaurin shekara uku ga wanda ya saɓa. Ni dai katako mai ƙusoshi na sha ganinsa a gicciye a titi bayan wannan doka, wanda aka ɗaure saboda shi ne ban taɓa haɗuwa da shi ba.

Bari in ba da nawa labarin, ba zan kama sunan gari ko na ofis ba, domin mutanen wasu sun yi ritaya wasu sun riga mu gidan gaskiya. Wajen shekara ashirin da suka wuce ina da shagon kayan masarufi a ɗaya daga cikin garuruwan bayan birni. A farkon shekara wasu suka zo na biya kuɗin shago suka ba ni rasit, na manna shi a bango kusa da kalanda. Wata bai cika ba sai ga wasu, su biyar, a wata tsohuwar bas. Na nuna musu bango. Babbansu ya duba ya yi dariya ya ce waɗancan an ƙwace kwangilar daga hannunsu, rasit ɗinsu ya mutu. Na ce, "Yallaɓai, ai ni ba kwangila na biya ba, gwamnati na biya." Kafin in rufe baki ɗaya ya sunkuci sikelina ya jefa a mota, suka ce in biyo su ofis. Shagon hatsi da sukari babu sikeli, ai an rufe shi ke nan ko ba a sa kwaɗo ba.

Washegari na sa babbar riga na tafi. Mai gadi ya tura ni ɗaki na farko, na ɗaki na farko ya ce wannan maganar masu kuɗin shiga ce, masu kuɗin shiga suka ce su ba su da hannu sai kwamitin kar-ta-kwana, 'yan kwamitin suka ce oga ya fita. Kwana uku ina zarya oga bai dawo ba. A rana ta huɗu wani tsohon masinja, mutumin Bida da ke jin Hausa, ya ja ni gefe ya ce, "Alhaji, baki ba ya shiga fayil. Je ka a rubuta maka takarda, ka yi kwafi biyu, ka sa su buga maka hatimi a naka." Na je wurin mai buga takardu a bakin titi na biya aka rubuta da Turanci, na kawo, aka buga hatimi, na koma gida ina jin kamar na ci shari'a. Mako huɗu shiru. Daga ƙarshe sai da Sarkin Hausawan unguwarmu, Allah ya jiƙansa, ya ɗauki shugaban 'yan kasuwa suka je gidan wani babba da dare suka gaishe shi, aka yi waya, kwana biyu aka ce in zo in ɗauki sikelina. Na same shi a wani ɗaki cike da baro da kujerun masu shayi da tukwanen masu abinci, an ɓalle masa allura. Kuɗin shago kuwa sai da na sake biya. Takardar koken tana nan a jakar da na faɗa, da hatiminta, har yau ba a amsa ta ba.

Wannan ƙaramin abu ne in aka gwada shi da abin da ya biyo baya. A watan Yulin 2003 aka naɗa Malam Nasiru el-Rufa'i minista, ya ce zai mayar da birnin kan taswirarsa ta asali. Gaskiya ɗaya ce, ya tarar da ɓarna, an yi gini a kan magudanan ruwa da filayen shaƙatawa, fili ɗaya takarda uku, shi ne ya kafa AGIS aka zuba bayanan filaye a kwamfuta, kuma katafilarsa ta taɓa gidajen manya ma. Amma inda ta fi yin ɓarin makauniya shi ne unguwannin talakawa, Idu da Karmo da Chika da Aleita da wasu sassan Kubwa. Wata ƙungiyar kare hakkin matsuguni mai suna COHRE ta ƙiyasta a rahotonta na 2008 cewa mutum fiye da 800,000 aka tasa tsakanin 2003 da 2007. Abin da nake so mai karatu ya lura da shi shi ne, da yawa daga cikin mutanen nan ba a ɓoye suke zaune ba. Sun sayi fili a hannun sarakunan ƙauye da shaidu, wasu suna riƙe da takardar fili ta ƙaramar hukuma, shekara da shekaru ana zuwa ana karɓar kuɗin shago da na shara a hannunsu ana ba su rasit. Ranar da aka shafa jan fenti suka kwashi takardun nan suka nufi wurin kansila da ciyaman, waɗanda suka zaɓa, sai aka ce musu fili ba ya hannun ƙaramar hukuma. Kuma haka dokar take, Kotun Ƙoli ma ta tabbatar a 2008 cewa a Abuja minista ne kaɗai ke da ikon ba da fili. Ashe hukumar da ke da hannun karɓa a wurinka ba ta da hannun kare ka. Da yawa daga cikin 'yan uwanmu da ke Mararaba da Masaka a jihar Nasarawa, da Madalla da Suleja a jihar Neja, wancan rusau ne ya kai su.

Haka aka yi ranar 1 ga Oktoban 2006 da aka hana acaba a cikin birni, haka aka yi a 2013 zamanin Bala Muhammad da aka hana ƙananan bas-bas da ake kira araba shiga tsakiyar gari, haka aka yi wa 'yan Keke Napep da 'yan baban bola daga baya. Ba na cewa babu dalili a kowanne, mun ga haɗurran acaba, mun kuma san akwai ɓata-gari masu cire murafun kwalbati su fake da sana'ar bola. Abin da ke damuna shi ne dokar kan fito ne daga ofishin da ba mu da wakili a cikinsa, sai dai ka ji ta a rediyo ko ka ji ta a jikinka.

Akwai waɗanda suka kai kukansu aka saurare su, kuma labarinsu na da darasi. A 2012 aka shigo da tsarin biyan kuɗin ajiye mota a bakin titi, aka ba kamfanoni, yaransu na ɗaure tayar mota da ƙarfe sai ka biya tara. Mutane suka yi ta kuka a jaridu da gidajen rediyo, ba abin da ya sauya. Sai wani kamfanin ajiya da lamuni mai suna Sun Trust ya shigar da ƙara, a watan Afrilun 2014 Mai Shari'a Peter Affen na Babbar Kotun Birnin Tarayya ya yanke cewa tsarin ba shi da dokar da ta tsaya masa, aka dakatar da shi. Harajin gidaje ma kamfanoni ne suka yi ta kai ƙananan hukumomi kotu a kansa, a 2014 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce AMAC na da ikon karɓa, a 2018 wata babbar kotu ta ce sai Majalisar Tarayya ta yi doka tukuna. In alƙalai da kansu sun saɓa a kan wa ke da hakkin karɓa, ina ga yaro mai baro da takarda biyu a hannu? Sannan duk waɗannan shari'u na masu lauya ne. Wanda aka ƙwace wa tukunyar shayi, kuɗin buɗe fayil a ofishin lauya kaɗai ya fi jarinsa.

Ba wai babu ƙofofin talaka ba ne sam. Murtalan da ya kafa Abuja shi ne ya kafa Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a a 1975, kuma namu ne ya fara shugabantarta, Alhaji Yusuf Maitama Sule Ɗanmasanin Kano. Ba a biyan ko kwabo a kai mata ƙara, tana iya kiran jami'in gwamnati ta tambaye shi, sai dai shawara take bayarwa, ba ta da sandar tilastawa. A 2004 Obasanjo ya ƙirƙiro SERVICOM, aka ajiye tebur da akwatin koke a ma'aikatu. A watan Yunin 2025 kuma Shugaba Tinubu ya sa hannu a sababbin dokokin haraji, a cikinsu har da kafa ofishin mai sauraron koken masu biyan haraji. Amma in ka tambayi mutum goma a tashar Zuba ko kasuwar Dei-Dei inda za a kai kuka, ba waɗannan za su faɗa maka ba, za su ce ka je Brekete wurin Ahmed Isah, domin a can ana kiran jami'i a waya duniya na ji. Ni a ganina wannan abin kunya ne ga hukuma, a ce gidan rediyo ya fi ofishinta kama da fada.

To mu ma fa da namu laifin, kuma tunda mu ya mu ne bari in faɗa. Sau nawa aka ce mana kuɗi kaza ne da rasit, muka ce a rage a bar rasit ɗin? Wanda ya saba da haka ranar da aka zalunce shi da wace shaida zai je? Na biyu, maganar ƙuri'a. Abuja ce kaɗai wurin da hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC, ke gudanar da zaɓen ƙananan hukumomi da kanta, ba hukumar da gwamna ya naɗa ba, ana zaɓen ciyamomi 6 da kansiloli 62, kuma ba a tambayar asalinka kafin ka yi zaɓe ko ka tsaya. Amma mutuminmu zai shekara ashirin a Gwagwa ko Nyanya katinsa na Funtuwa ko Gusau, zaɓen gwamna ya shiga mota ya tafi gida, zaɓen kansilan da ke yanka masa kuɗin shago kuwa ranar ce yake wankin kaya. Kansila na da lissafi, ya san unguwar da ke da kati. 'Yan uwanmu na Nijar su ba su da wannan dama ma, sai abin da muka yi musu. Na uku, mu riƙa tuna cewa kukanmu ba shi ne babba ba a ƙasar nan. Gbagyin da ke zaune a kujerar ƙaramar hukuma gonar kakansa ce ta zama Maitama, kuma sai a 2023 aka fara naɗa ɗan asalin yankin minista, wato Zephaniah Jisalo, wanda ya taɓa shugabantar AMAC. Ƙaramar hukuma ita ce kaɗan ɗin da ya rage a hannunsu, in muka shiga da gadara sai a rufe mana ƙofar da ladabi zai buɗe.

Abubuwa biyu da suka faru a 2025 sun isa su nuna inda aka kwana. A watan Maris Minista Nyesom Wike ya soke takardun filaye 4,794 saboda masu su sun haura shekara goma ba su biya kuɗin ƙasa ba. Ranar 26 ga Mayu aka fara garƙame gine-gine, har da hedikwatar jam'iyyar PDP ta Wadata Plaza da wani ofishin hukumar tara haraji ta ƙasa. Kafin gari ya waye Shugaban Ƙasa ya sa baki an ba su wa'adin kwana 14. A daidai wannan lokaci makarantun firamare na gwamnati a duk ƙananan hukumomin shida suna rufe, malamai sun shiga yajin aiki tun 24 ga Maris saboda ba a biya su sabon albashi mafi ƙanƙanta na naira 70,000 da bashin da suke bi ba, ba a koma aji ba sai a watan Yuli, bayan an amince a riƙe wani kaso na kuɗin shigar ƙananan hukumomin a biya su. Jikokina biyu na cikin yaran da suka yi wata uku da ɗoriya a gida. Duk tsawon watannin nan ban ga ranar da masu yankar tikiti suka yi fashin zuwa kasuwa ba.

Shi dai yaron nan mai baro, da safe na sa aka kira mini shi, na tafi da shi wurin shugaban 'yan kasuwarmu. Muka sayi babban littafi mai bango mai kauri da abin maƙala takarda, muka ajiye a shagon wani tela da ya yi sakandare. Aka sanar a masallaci ranar Juma'a cewa duk wanda aka yankar wa tikiti ko rasit ya kawo a maƙala, a rubuta rana da wuri da abin da ya biya da launin rigar wanda ya karɓa, wanda aka hana rasit ma ya zo a rubuta an hana shi. Zuwa jiya da magariba an cika shafi tara, mun ƙirga tikitin baro kala huɗu a kasuwa ɗaya. Sarkin Hausawa ya ce a kai masa littafin ranar Litinin, zai nemi takwaransa na Gbagyi su je wurin kansila tare, za mu kuma rubuta takarda kwafi biyu a buga mana hatimi a namu. Takardun yaron, ruwan ɗorawa da shuɗiya, su ne a shafi na farko.